Asusun magungunan korona da na saya a 2021: kuɗin kula ne ya cinye ni ko labaran da na bi?

Abban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta daɗe tana cin raina, na ga gara in kawo ta nan tunda akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu, akwai kuma masu harkar hannun jari.

A farkon 2021 na ɗebi wani kaso na abin da na daɗe ina tarawa na sayi ETF, wato asusun nan da ke tattara hannun jarin kamfanoni da yawa wuri guda, kai kuma ka saye shi a kasuwa kamar hannun jari ɗaya. Wanda na zaɓa, kamfanonin magani da na kayan gwajin korona ne zalla a cikinsa. Tunanina a lokacin shi ne duniya kaf tana neman gwaji tana neman magani, to ta ina asara za ta ɓullo? Jiya da dare na zauna na buɗe takardun, bayan na daɗe ina gudun kallonsu. Har yau kuɗin bai koma yadda na zuba shi ba. Can a shafi na biyu kuma, da ƙananan baƙaƙe, na ga ashe ana cire 0.7 cikin ɗari duk shekara a matsayin kuɗin kula da asusu, ko an ci riba ko an faɗi. Na bi duk takardun da dillali yake turo min, ban ga inda aka rubuta an cire min ko sisi ba.

Shin wannan kuɗin ne ya cinye ni, ko labaran magungunan da na bi ne ba su da tushe? Don ni har yau ban san wane magani ne ya yi aiki da gaske ba, kowa da abin da yake faɗa.

Bashir_Hisabi:
Wa alaikumus salam Abban Ilham. Allah ya mayar da alheri. Ba za ka taɓa ganinsa a takardar dillali ba, domin ba daga aljihunka ake zararsa ba. Daga cikin dukiyar asusun ake gutsurarsa kullum kaɗan-kaɗan, farashin da kake gani an riga an cire. A 'yan shekarun nan da ka yi, abin da ya ci bai wuce kashi uku ko huɗu cikin ɗari na kuɗinka ba, don haka ba shi ne ya kayar da kai ba. Ɓarnarsa sai an yi nisa take bayyana. Ɗauki dala 10,000, a ce kasuwa tana ba da kashi 7 duk shekara har shekara 30. A asusun da ke karɓar 0.03, irin VOO na Vanguard ko IVV, za ka tashi da kusan dala 75,500. A mai 0.7 kuwa kusan 62,500. Dala 13,000 ke nan suka tafi, fiye da jarin da ka fara da shi.

Maman_Sadiq:
Innalillahi. Malam Bashir, ni wallahi da na ga 0.7 sai in ɗauka ba komai ba ne.

Sista_Rabi:
Bari in taɓa ɓangaren magani, tunda a ɗakin masu korona na yi aiki. Abban Ilham, akwai wanda ya yi aiki, kuma shi ne mafi araha a cikinsu duka: dekzametason. Tsohon magani ne, an fi shekara 50 ana amfani da shi. A ranar 16 ga Yuni 2020 masu binciken RECOVERY na Jami'ar Oksfod suka sanar da sakamakonsu. Majinyata 2,104 aka ba wa, miligiram 6 kullum har kwana goma, aka kwatanta su da 4,321 da ba a ba wa ba. A cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi, mutuwa ta sauko daga kusan 41 cikin ɗari zuwa 29. Masu shan iskar oksijin kawai su ma sun amfana, amma bai kai haka ba.

Ba na manta wani dattijo da na kwana a kansa. Abin auna iskar da ke maƙale a yatsarsa yana ta ƙara, lambar ta ƙi wuce tamanin da 'yan kai, shi kuma yana riƙe da gefen gado da hannu biyu yana neman numfashi. Kwana uku bayan an fara masa allurar sai na same shi zaune yana tambayata ko za a bar 'yarsa ta leƙo ta taga. Ban ce allurar kaɗai ce ta tashe shi ba, mutum ɗaya ba ya zama hujja, amma tun da sakamakon nan ya fito muka san akwai abin da ke hannunmu.

Malam_Buba:
Sista, ina girmama aikinku, amma ba za ku taɓa faɗin gaskiya a kan haidiroksikulorokwin, maganin nan na zazzaɓin cizon sauro, ba. Ni da kaina na sha, kwana huɗu na miƙe. Babban farfesa ne a Faransa ya ce yana aiki. Kamfanoni ne suka danne shi saboda ba shi da tsada.

Sista_Rabi:
Baba Buba, Allah ya ƙara lafiya, na ji daɗi da ka tashi. Amma ka duba, mafi yawan waɗanda suka kamu da korona da kansu suke warkewa ko sun sha magani ko ba su sha ba. Duk abin da mutum ya sha a kwanakin nan, shi zai yaba. Kuma in arha ce ke sa a danne magani, ai dekzametason da na ambata ma ba shi da tsada, ga shi duniya ta karɓe shi cikin kwanaki.

Likita_Auwal:
Farfesan da Baba yake nufi Didiye Ra'ult ne na birnin Marsey. Ya kamata a san yadda binciken nasa na Maris 2020 ya kasance. Mutum 26 aka ba wa maganin, sai aka fitar da 6 daga lissafi. Uku daga cikinsu jikinsu ya tsananta aka kai su ɗakin kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya ya daina sha saboda tashin zuciya. In ka cire waɗanda abin ya fi yi wa muni, dole sauran su yi kyan gani. Kuma ba ƙuri'a aka yi wajen zaɓar wanda za a ba da wanda ba za a ba ba. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da izinin gaggawa na amfani da maganin a ƙarshen Maris, ta janye a 15 ga Yuni. RECOVERY ta gwada shi a kan mutum fiye da 1,500, ba a ga ya rage mutuwa ba. Mujallar da ta buga aikin Ra'ult ta janye shi a Disamba 2024.

Malam_Buba:
To likita, ai ita ma takardar da ta ce maganin yana kisa ƙarya ce. Me ya sa ba ka faɗi wannan ba?

Likita_Auwal:
Gaskiyarka Baba, kuma abin kunya ne babba. Mujallar Lancet ta buga ta a Mayu 2020, da bayanan da kamfanin Surgisphere ya ce na majinyata kusan 96,000 ne. Da aka nemi a ga bayanan sai aka kasa samu, aka janye takardar a 4 ga Yuni. Har Hukumar Lafiya ta Duniya sai da ta dakatar da nata gwajin na ɗan lokaci saboda ita. Duk wanda ya yi fushi a kan wannan yana da hujja. Sai dai ƙaryar wancan ba ta mayar da maganin mai aiki ba. Babban gwajin da aka raba mutane da ƙuri'a shi ya yanke hukunci, kuma bai dogara da Surgisphere ba.

Zainab_M:
Aibamektin fa? Yayata har yanzu tana da shi a ajiye.

Likita_Auwal:
Magani ne mai daraja a wurin da ya dace, Zainab. Saboda shi aka ba Wiliyam Kambel da Satoshi Omura kyautar Nobel a 2015, don ya ceci miliyoyi daga makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa. Maganar korona ta faro ne daga wani gwaji a Jami'ar Monash ta Ostireliya a Afrilu 2020, a cikin kwanon ɗakin bincike, da yawan da ya ninka abin da ke shiga jinin mutum sau da yawa. Babban binciken da aka fi kafa hujja da shi, wanda aka yi a Masar, an janye shi a Yuli 2021 bayan an gano matsaloli a bayanansa. Gwajin TOGETHER na Birazil, mutum 1,358, ya fito a Maris 2022 bai nuna ya rage kwanciya asibiti ba. Ki gaya wa Yaya ta ajiye shi don tsutsar ciki in likita ya rubuta.

Ɗan_Kasuwa01:
Jama'a an bar mai tambaya a tsaye fa. Shi kuɗinsa ya dame shi.

Bashir_Hisabi:
Ba a bar shi ba Alhaji, maganar ɗaya ce. Abin da likita yake ta nanatawa, a kwatanta da waɗanda ba a ba wa magani ba, shi ne abin da ya kamata Abban Ilham ya yi. Ya tambayi kansa: da na zuba kuɗin nan a asusun da ke bin ma'aunin S&P 500 kawai, wato ma'aunin manyan kamfanonin Amurka 500, nawa zai zama yau? Ratar da ke tsakani ita ce ainihin asararsa. Waren Bafet, shahararren mai zuba jari na Amurka, ya taɓa cin caca ta dala miliyan ɗaya a kan haka, daga 2008 zuwa 2017. Asusun ma'auni ya ƙaru da kusan kashi 126, zaɓaɓɓun asusun ƙwararru masu tsadar kula suka tsaya wajen 36.

Hajiya_Talatu:
Malam Bashir ban yarda maganar ɗaya ce ɗari bisa ɗari ba. A magani, in an tabbatar yana aiki to yana aiki. A kasuwa kuwa magani zai iya yin aiki kai kuma ka yi asara. Dubi Moderna, kamfanin allurar riga-kafin korona. Allurarsu ta yi aiki, babu mai musu. Hannun jarinsu bai kai dala 20 ba a farkon Janairu 2020, ya haura 480 a Agusta 2021. Wanda ya saya a ƙololuwar nan bai yi kuskure a kan allurar ba, farashin ne ya riga ya haɗiye duk wani albishir da ake jira. Pfizer ta yi cinikin dala biliyan 100 a 2022, a 2023 ya sauko ƙasa da biliyan 60, don mutane sun rage karɓar allura da sayen Paxlovid, maganinsu na korona. Ɗana Abban Ilham, lokacin da labari ya iso kunnenka da nawa, manyan 'yan kasuwa sun daɗe da saye. Kuma irin waɗannan asusun masu taken abu ɗaya, galibi sai abin ya yi tashe ake buɗe su.

Abban_Ilham:
Hajiya wannan maganar ta shige ni. Wallahi haka aka yi, sai da kowa yake maganarsa na saya.

Sani_Lab:
Ni ta ɓangaren gwaji zan shigo, don rabin kamfanonin irin wannan asusu masu kayan gwaji ne. An yi ta rigima a kan PCR da gwajin gaggawa kamar kishiyoyi, alhali tambayar da kowanne ke amsawa daban ce. PCR yana ninka ɓurɓushin ƙwayar halittar cutar ne zagaye bayan zagaye, kowane zagaye ya ninka biyu, har na'ura ta hango shi. In ya bayyana a zagaye na 20, cutar tana da yawa a hancin. In sai a na 30, ta yi ƙasa da wancan kusan sau dubu. Amma takardar da ake miƙa wa mutum "akwai" kawai take cewa. Na sha ganin wanda ya warke sarai, makonni sun wuce, yana ta dawowa gwaji don a bar shi ya koma aiki, na'ura kuma tana ta tsinto gawar ƙwayar cutar. Gwajin gaggawa bai kai PCR ido ba, amma ya fi kama mutum a kwanakin da cutar ta cika masa hanci, lokacin da ya fi yaɗa ta, kuma cikin minti 15 ka ga sakamako.

Malam_Buba:
Ai shi wanda ya ƙirƙiro PCR ɗin da bakinsa ya ce ba a gano korona da shi.

Sani_Lab:
Baba, Kari Mulis ya rasu a Agusta 2019, kafin a ji sunan cutar nan.

Maman_Sadiq:
Malam Sani, ni abin da ya rikita ni layin nan mai dishi-dishi. Na yi wa ɗana gwaji a gida, na ɗiga ruwan, na sa agogo. Da lokaci ya cika sai ga wani layi siriri da ƙyar ake ganinsa, sai da na kai shi bakin taga na karkata. Mijina ya ce babu komai, ni na ce akwai. Muka kwana ba mu daidaita ba, ni dai na raba yaron da kakarsa har kwana biyar.

Sani_Lab:
Kin yi daidai Maman Sadiq. In layi ya fito cikin lokacin da takardar kwalin ta ƙayyade, komai dishinsa, a ɗauka akwai. Wanda ya fito bayan awa ɗaya ne ba a kula shi.

Inda gwaji ke yaudara shi ne in ana gwada jama'a masu yawa alhali cutar ba ta yawaita ba. Misali mutum 10,000, guda 100 ne ke da ita. A ce gwajin yana kama 80 cikin ɗari na masu ita, yana kuma kuskuren shafa wa mutum ɗaya cikin ɗari na masu lafiya. Zai kama 80 na gaskiya, ya haɗa da 99 da ba su da komai. Fiye da rabin waɗanda aka ce suna da ita lafiyarsu ƙalau. Gwajin bai canja ba, yawan cutar a cikin jama'a ne ya canja ma'anarsa.

Zainab_M:
To ashe gwada kowa da kowa ɓata kuɗi ne?

Likita_Auwal:
A nan ni da Sani muna iya saɓawa. Silobakiya ta gwada mutum miliyan 3.6 cikin kwana biyu, 31 ga Oktoba da 1 ga Nuwamba 2020, a ƙasar da ba ta kai miliyan biyar da rabi ba. Kusan kashi ɗaya aka samu da ita. Cutar ta ja baya na ɗan lokaci, amma an haɗa da dokar kulle, shi ya sa ake ta jayayya a kan wanne ne ya yi aikin. Zuwa Fabrairu 2021 ƙasar tana cikin waɗanda mutuwa ta fi yawa in aka auna da yawan jama'a. A ganina gwaji sau ɗaya ba ya wadatarwa, sai an maimaita, kuma sai wanda aka samu da ita yana da halin zama a gida. Mai aikin da in bai fita ba ba zai ci ba, ka gwada shi sau goma ma fita zai yi.

Sani_Lab:
Ban musa ba likita. Amma rashin gwaji ya fi muni. Amurka ta yi asarar kusan duk watan Fabrairu 2020 saboda kayan gwajin da CDC, hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, ta raba sun zo da matsala, alhali Koriya ta Kudu tana gwada mutane suna zaune cikin motocinsu.

Ɗan_Kasuwa01:
Malam Bashir, tunda ana maganar abin da ba ya fitowa a takarda, ka manta ratar saye da sayarwa. Asusun da ba a cika cinikinsa ba, farashin da za ka saya ya ɗara wanda za ka sayar da tazara mai ɗan yawa, kuma sau biyu kake biya, shiga da fita. Ga la'adar dillali, ga kuɗin canji in ba da dala kake samu ba. A Maris 2020 da kasuwa ta rikice, S&P 500 ya zube da kusan kashi 34 tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris, har manyan asusun takardun bashi sai da aka riƙa sayar da su ƙasa da darajar abin da ke cikinsu da kusan kashi biyar. Wanda tsoro ya sa ya sayar a makon nan ya yi asarar da ta fi kuɗin kula na shekaru. Zuwa Agusta ma'aunin ya koma inda yake.

Bashir_Hisabi:
Haka ne Alhaji. Akwai haraji ma. Wanda ba mazaunin Amurka ba, in ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da su, kashi 30 ake cirewa daga ribar da kamfanoni ke rabawa. Shi ya sa wasu ke sayen irin asusun da aka yi wa rajista a Ayaland, can kashi 15 ake cirewa a matakin asusun.

Ustaz_Nura:
Ina da gyara a kan nuna 0.03 kamar kowa zai iya saye. Mu da muke neman asusun da aka tace bisa shari'a, aka fitar da bankunan ruwa da kamfanonin giya da masu bashi da yawa, irin SPUS da HLAL, kusan rabin kashi ɗaya muke biya. Na san tsadar, na kuma yarda da ita da idona buɗe. Ba duk mai biyan kuɗin kula da yawa ne aka yaudara ba.

Bashir_Hisabi:
Na karɓi gyara Ustaz. Kai ka san abin da kake saye da kuɗinka. Damuwata wanda yake biya don an yi masa alkawarin za a fi kasuwa. Asusun ARKK na kamfanonin fasaha 0.75 yake karɓa. Ya tashi da kusan kashi 150 a 2020, jama'a suka yi ta tururuwa, a 2022 ya faɗi da kusan kashi 67, kuɗin kula kuwa ba a fasa cira ba.

Sista_Rabi:
Kafin maganar magani ta wuce, akwai abin da nake tsoron wani ya ɗauka daga bayanina na sama. Don Allah kada kowa ya sayi dekzametason ya sha a gida da ya ji zazzaɓi. A binciken nan, waɗanda ba su buƙaci oksijin ba bai amfane su ba, har alama ta nuna zai iya cutar da su, domin yana kwantar da garkuwar jiki a lokacin da ake buƙatarta. Yana kuma tayar da suga. Shi ma Paxlovid, raguwar kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 89 da ake faɗa a kan masu haɗari ne da ba su yi riga-kafi ba, kuma sai an fara cikin kwanakin farko. Yana karo da wasu magungunan kitsen jini da na tsinka jini, dole likita ya ga duk abin da mutum yake sha.

Malam_Buba:
Na ji bayananku, na gode da ba ku yi min tsawa ba. Maganar mutum shida da aka cire ban taɓa jin ta ba, zan nema in karanta. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta da kamfanonin nan ba. Maganin korona na Remdesibir fiye da dala 3,000 aka riƙa sayar da shi a Amurka a 2020, sannan gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce bai rage mutuwa wani abin kirki ba.

Likita_Auwal:
A kan wannan ba ni da ja, Baba. Sakamakon farko na Oktoba 2020 haka ya nuna, ko da yake daga baya an ga yana da amfani in an ba shi da wuri.

Abban_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na yi lissafin da Malam Bashir ya ce, na kwatanta da asusun ma'auni tun ranar da na saya, ratar ta fi ƙarfin abin da 0.7 zai iya ci nesa ba kusa ba. Yanzu abin da ya rage min: in sayar in koma mai araha, ko in jira ya dawo inda na saya?

Hajiya_Talatu:
Kasuwa ba ta san nawa ka saya ba ɗana. In da kuɗin ne a hannunka yau, za ka sayi wannan asusun? In a'a, to ka san amsa.

Ɗan_Kasuwa01:
Ni ba zan ce ya sayar duka rana ɗaya ba Hajiya. Ya fara duba ratar farashin da harajin ƙasar da yake zaune tukuna. Abban Ilham, dukiyar da ke cikin asusun gaba ɗaya nawa ce yanzu? In ta yi ƙanƙanta sosai masu shi na iya rufe shi da kansu su mayar muku da kuɗi, ko kana so ko ba ka so. Duba shafin farko na takardar ka faɗa mana.